Mi ake sayarwa a gidan gato?

Tun ranar da na ce rubutuna na wannan karo a kan gidan gato zai kasance, ƴan ƙungiyarmu suke yi mini dariya. Wani ya ce: "Duk matsalolin da ke ƙasar nan, kai burodin nasara ne ya tsone maka ido?" E, shi ne. Ku daure ku karanta. In kun gama kun ga ba kome ciki, takardar fotokopi ce, ku ba mai ƙosai ta naɗe ma wani.

Gwaggona, yayar babana, ta zo Yamai daga Madawa cikin watan Afrilu don a duba mata ido. Shekara talatin da ɗoriya tana tuyar waina a bakin tasha, hayaƙin itace ya kusa gamawa da idon hagu. Da kuɗɗin wainar nan aka saya mini kaye da bik tun ina ajin farko, har na zama ɗan jami'a. Saboda haka ranar da likita ya sallame ta, ni kuma ƴan kuɗɗi sun shigo mini, na ce yau sai na kai ta inda ba ta taɓa zuwa ba. Muka hau taksi daga Harobanda, muka haye kogi, muka sauka a wata unguwa ta masu hali, gaban wani gidan gato irin na Faransa. Ba zan faɗi sunansa ba. Ba shi kaɗai ba ne, kuma za ku gani ba da shi nake faɗa ba.

Wurin yana da kyau, kada wani ya ce ƙyashi ne ya sa ni magana. Kana tura ƙofar gilashi sanyi zai buge ka, ka manta a waje rana na neman narka kwalta. Ƙamshin man shanu da sukari ya cika ɗakin. Dogayen burodi a tsaye cikin kwando kamar kibau a kwari, gato kala-kala a jere cikin akwatin gilashi, injin kafe yana huci a gefe. Gwaggo ta yi sallama da ƙarfi, yadda ake yi in an shiga gidan mutane. Ba wanda ya amsa. Wani mai kwamfuta ya ɗago kai, ya mayar. Yarinyar da ke bayan kanta, wadda ba za ta wuce sa'ata ba, ta ce:

"Bonjour madame, vous désirez?"

Gwaggo ta matsa kusa da gilashi ta nuna da yatsa. "Ɗiyata, ina wuni? Wagga mai kama da ƙahon rago, mi sunanta?"

"Croissant, madame. Cinq cents francs."

Ta juyo gare ni. "Mi tac ce?"

Na ce: "Dala ɗari, Gwaggo."

"Guda? Waina ashirin ke nan hwa! To, a ba mu kurwasa biyu, mu ji abin da anka sa ciki."

A nan ne na yi abin da ya sa nake wannan rubutu. Na ji kamar duk idanun ɗakin suna kaina, na sunkuya na ce mata a hankali: "Gwaggo, ba kurwasa ba, croissant ake cewa." Har da jawo r ɗin daga can maƙogwaro kamar mai shirin kaki. Ta dube ni da idon nan da aka gama wanke mata, ta ce:

"To, mushe."

Mushe dai kun san shi, monsieur ne da ya shiga bakin Bahaushe, da shi muke kiran malamin lakkwal. Ba ta ƙara kome ba. Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Abin haushin, ni ne ɗalibin kimiyyar harshe. Zangon da ya wuce na zauna jarrabawa a kan yadda kalmomin aro suke shiga Hausa, na kuwa ci. Da hannuna na rubuta cewa Hausa ba ta fara kalma da baƙaƙe biyu a jere, sai ta cusa wasali tsakaninsu, shi ya sa bread na Ingilishi ya koma burodi. Na rubuta cewa ba mu da wasalin da ake fitarwa ta hanci irin na Faransanci, ko dai mu ƙara masa n kamar a kumandan, ko mu yar da hancin gaba ɗaya kamar a balo. Na rubuta cewa mafi yawan sunayen da suka ƙare da a mata ne. To ga matar da ba ta taɓa zama a bencin lakkwal ba, cikin ƙiftawar ido ta yi duka ukun: ta raba k da r, ta yar da hanci, ta ba kalmar jinsi. Kafin mu zauna tana cewa "kurwasag ga", yadda take cewa "rigag ga". Abin da malaminmu ya ɗauki awa biyu yana zanawa a allo, shi ta yi a tsaye, ni kuma da ya kamata in ciro kaye in rubuta, sai na gyara mata baki.

Muka zauna. Ni na kama ci, ita ta kama aiki. Ta ɓare kurwasar gida biyu, ta ɗaga ta wajen haske, ta sa farce tana ɓamɓaro fatar ɗaya bayan ɗaya. Ta shinshina, ta murza tsakanin yatsu, ta duba maiƙon. Ta ce wannan ba tuya ba ce, kuma ba yisti kaɗai ya tashe ta ba, ninki ne, an shimfiɗa mai tsakanin ƙullu an yi ta ninkewa. Gaskiyarta kuwa. Aka kawo kafe cikin wani ɗan kofi kamar na shan magani, shi ma dala ɗari biyu. Ta kurɓa, ta yamutsa fuska, ta ce: "Gahawa ce ashe. Sun ƙona ta." Sai ta ce in tambayar mata yarinyar sau nawa ake ninkin, kuma wane mai ne. Na tashi na tambaya da Faransanci. Aka ce mini da Faransanci ba a sani ba. Ina juyowa sai na ji yarinyar nan ta leƙa ƴar tagar da ke bayanta ta ɗaga murya: "Kai, ku hiddo da burodin ga mana, mutane na jira!" Hausa tsantsa, irin ta Birnin Ƙwanni, wadda tsakaninta da ta Madawa ba ko tsinke. Gwaggo ta ajiye kofi ta ce: "Ashe ɗiyar gida ce!"

Ku duba wannan wasa da kyau. Mutum uku, harshe ɗaya muka sha a nono, amma biyu suna magana da harshen da suka koya da bulala, ta ukun tana jiran tafinta.

Wajen biyan kuɗɗi na kasa haƙuri, na tambaye ta da Hausa don mi ba ta amsa ma tsohuwa da Hausa ba. Ta duba hagu da dama, ta ce: "Wallahi malam, ba raini ba ne. Haka anka ce mu yi. Kuma ko ba a ce ba, ai ku ne. Na taɓa ce ma wani sannu da zuwa, ya ce shi ba ɗan ƙauye ba ne, a kira mashi mai wurin."

Ku ne. Yau wata nawa ke nan maganar nan tana cina. Na so a ce laifin na mai wurin ne, ko na Faransa, ko na mulkin mallaka, don waɗannan duk muna da dogayen kalmomin zaginsu, mun iya su tun daga lise. Amma mai wurin ɗan kasuwa ne, abin da mai saye yake so shi yake sayarwa. Da ya ga masu kuɗɗi suna son a tarbe su da Hausa ko Zabarmanci, da gobe ya rubuta "barka da zuwa" da "fofo" a ƙofa da manyan baƙaƙe. Ya lura da mu ne, mu ƴan lakkwal, ya gane abin da muke zuwa saye. Cikin dala ɗarin nan akwai fulawar da aka shigo da ita daga waje, akwai man shanu, akwai wutar lantarki, akwai haya, duk halal ne ya karɓa. Amma akwai wani kaso da ba a rubuta a takarda ba: kuɗɗin zama na rabin awa a wurin da ba za a yi maka magana da harshen uwarka ba. Muna biyan wannan kason da murna. Wanda ya ce a kira masa mai wuri don an ce masa sannu, kayan da ya biya ne aka hana shi, shi ya sa ya fusata. Ni da na gyara ma Gwaggo baki, ɗan uwansa ne, sai dai ni ban ɗaga murya ba.

In kuna shakka, ku tashi da asuba ku tsaya bayan kowane gidan burodi a Yamai. Za ku ga masu moto suna ɗaure dogayen burodin nan a kwali, suna rarraba ma masu shayi. Ƙarfe bakwai mai shayin ƙofar jami'a zai tsaga maka shi, ya shafa mai ko ya zuba ƙwai, ya haɗa maka Nescafé da madara, kuna ciniki da Hausa, na bayanka yana yi da Zabarmanci, wani ɗan Benin yana yi da Faransanci, ba wanda ya ji an rage masa daraja. Tanda ɗaya, fulawa ɗaya. Burodin da ya fita ta ƙofar baya yana jin Hausa sarai, wanda ya fita ta ƙofar gilashi ne ya kurumce.

Yanzu bari in juyo kan ƴan uwana na ƙungiya, waɗanda da suka ji labarin suka ce maganina ke nan, mi ya kai ni cin abincin ƴan mulkin mallaka, a ƙaurace ma gidajen gato, a koma ga hura da koko. Wani ma ya kawo shawara a ƙirƙiro ma croissant suna na Hausa "tsarkakakke", wai "burodi mai siffar jinjirin wata". Malam, kafin ka gama faɗin wannan layi ya wuce ka. Kuma burodin da ke cikin sunan naka, na gadon kakanka ne?

Ku zo mu buɗe kwanon karin kumallonku mu gani. Shayi Larabci ne. Sukari Larabci ne, kuma sucre na Faransawa ma can asalinsa ta hannun Larabawa ya bi. Alkama ita ce al-ƙamh, mun haɗiye ta har da al ɗinta, kamar yadda muka yi ma albasa da allura, kamar kuma yadda daga baya muka haɗiye l'école da l'impôt suka zama lakkwal da lanho. Tun kafin nasara ya zo ana noman alkama a fadamunmu ana yin alkaki da funkasau da gurasa, gurasar ma sunanta aro ne. Gahawar da Gwaggo ta ambata ta girmi kafe: ita ce ƙahwa ta Larabawa, wadda Turkawa suka karɓa, Italiyawa suka karɓa daga gare su, sannan ta isa Faransa ta zama café. Itacen kuwa na Habasha ne, sufayen Yaman suka yi suna da shanta don tsayuwar dare. Wato abin da aka miƙo mana cikin ɗan kofin nan da sunan Faransa, ɗan Afirka ne da ya yi yawon duniya ya komo da kwat. Ita kanta kurwasar ba a Paris aka haife ta ba. Wani mutumin Ostiriya, August Zang, ya buɗe gidan burodi irin na birnin Viyana a Paris wajajen 1839, daga nan Faransawa suka ɗauki siffar suka sake mata ƙullu, har yau kuma irin waɗannan kayan viennoiserie suke kiransu, ma'ana kayan Viyana. Su sun ara, sun lanƙwasa, sun ce nasu ne, ba su ji kunya ba. Mu ne kawai aka koya ma cewa in za mu ari abu sai mun aro har da maƙogwaron mai shi.

Saboda haka ni da masu ƙauracewa ba mu tare. Su da mai cewa a kira masa mai wuri, abu ɗaya suka yarda da shi: wai kurwasa ta fi ƙarfin Hausa. Ɗaya ya bar Hausa don ya ci kurwasa, ɗaya ya bar kurwasa don ya tsare Hausa. Gwaggo ce kaɗai cikinmu ba ta yarda da haka ba. Ta ga abu, ta raɗa masa suna, ta nemi sanin yadda ake yin sa.

Akwai magana ɗaya mai nauyi da wata abokiyar karatuna Bazabarma ta yi mini, ba zan tsallake ta ba. Ta ce Yamai ba Maradi ba ce, ba Damagaram ba ce. In ka tilasta Hausa a kan kanta, ita da kakarta fa? Faransanci aƙalla ba na kowa ba ne, kowa baƙo ne a cikinsa. Na ji wannan, kuma na san tsoron da ke bayansa ba na banza ba ne. Amma ban ce a tilasta Hausa ba. Na ce a amsa ma mutum da harshen da ya yi sallama da shi, in ana jin sa. Da kakarta ce ta shigo ta ce "mate ni go", ita ma bonjour za ta samu, ita ma sai ta nemi jika ya yi mata tafinta. Faransanci ba na kowa ba ne, gaskiya, amma ba kowa ne baƙo a cikinsa daidai da kowa ba: ni da ke mun yi shekara goma sha muna zaune a ɗakinsa, kakanninmu ko zaure ba a bari sun shiga ba. Harshen da ya raba Bahaushe da Bazabarme daidai wa daida, amma ya raba kowannensu da uwarsa, ban ga adalcinsa ba. A Katako da Wadata da Babbar Kasuwa kullum ana cinikin miliyoyi da Hausa da Zabarmanci a cakuɗe, ban taɓa jin an kira tafinta ba.

Takardu kam muna da su. Tun 1966 aka zauna a Bamako aka tsara yadda za a rubuta harsunanmu da boko. A 1973 aka buɗe lakkwal ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram. Dokar 2001 ta lissafa harsunan ƙasa guda goma. A 2024 aka cire sunan de Gaulle daga babban titin nan aka sa na Djibo Bakary. A watan Maris na 2025 sabon kundin ƙasa ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. Mun yi ta musu a kan wannan a fada har dare ya raba, wasu na murna, wasu na fushi, kuma duk musun, in kun tuna, da Faransanci muka yi shi. Allon titi ana sauke shi da tsani da sukurudireba cikin awa guda. Abin da ya sa ni sunkuya na raɗa ma Gwaggo "croissant" ba ya sauka da tsani. Shi ya sa gidan gato ya fi dacewa da bincike a kan kotu ko banki. A can kana iya cewa doka ce, takardu ne, ba yadda za ka yi. A nan ba alƙali, ba jarrabawa, ba mushe da bulala. Kai ne da yunwarka da dala ɗarinka, kuma duk da haka ka zaɓi ka yi kamar ba ka san sunan gaisuwa ba.

Kada ku ce ƙaramin abu ne. Yarinyar da ta koyi cewa Hausa ta bayan taga ce, gobe ita ce a kantin magani, tana karanta ma tsohuwa yadda za ta ɗiga maganin ido da Faransanci. Wannan ma na gani da idona a satin nan, amma labarin wani rubutu ne.

Gwaggo dai ba ta bar wurin ba sai da ta sami amsarta. Muna fita ta ja ni muka zagaya ta lungu, inda masu moto suke tsayawa. Ta yi sallama a ƙofar baya, nan take aka amsa. Wani dattijo ya fito, fulawa har gira, suka gaisa kamar sun shekara da sanin juna. Ta ce masa ita ma ƴar sana'a ce. Ya ce ninki uku ake yi, kowane ninki gida uku, uku sau uku sau uku, mai ya zama shimfiɗa 27 tsakanin ƙullu. In ta shiga tanda, ruwan da ke cikin man ya zama tururi ya ɗaga kowace fata. Ya ce wahalar duk ta sanyi ce: bayan kowane ninki sai an mayar da ƙullun firigo ya huta, don in man ya narke ya shige ƙullu, aikin ya lalace, burodi kawai za ka samu. A garin da zafin Afrilu yake wuce 40, ranar da wuta ta ɗauke da dare kuma inji ya ƙi tashi, ranar ba kurwasa. Ta tambaye shi ko randa za ta iya, in an binne ta cikin jiƙaƙƙen rairayi. Ya yi dariya ya ce sai dai da hunturu, shi ma da asuba. Ta tambayi man shanun Fulani. Ya ce ya yi laushi da yawa, amma bai taɓa gwadawa ba. Suka yi minti ashirin a tsaye, ban fassara kalma ko ɗaya ba, ba wanda ma ya tuna ina wurin. Na kuma lura duk tsawon hirar "kurwasa" take cewa, shi kuma tun daga jimla ta biyu ya bi ta.

A taksi na tambaye ta yaya ta ji abin. Ta ce da daɗi, amma ba ta riƙe ciki, mai dakon da ya ci wannan da safe kafin hantsi ya faɗi. Rabin tata tana ƙulle a bakin zane, za ta kai ma jikoki su gani.

Bayan ta koma Madawa da sati biyu na sake komawa ni kaɗai. Na tura ƙofar gilashi na yi sallama, muryata tana ɗan rawa, abin kunya, kamar mai shiga jarrabawar baka. Na ce: "Ina kwana? Kurwasa guda da gahawa." Wani mai taye a bayana ya yi ƴar dariya ta hanci. Yarinyar ta dubi ƙofar ofishin mai wurin, ta dube ni, ta rubuta croissant da café a ƴar takardarta. Sannan ta ce, ba da ƙarfi ba: "Lahiya lau. Dala ɗari uku."